Ciniki ya ƙaru, riba ta ragu: ina kuɗin suke shiga?

Tambaya: Malam, ina da ɗan ƙaramin kamfani, muna sarrafa kaya muna sayarwa. Na yi rangwamen kashi 10 cikin 100 don in jawo masu saye, ciniki kuwa ya ƙaru, amma a ƙarshen wata abin da ya rage a hannuna bai kai na da ba. Ina matsalar take?

Amsa: Matsalar tana wajen lissafi, kuma 'yan kasuwa da yawa nan suke tuntuɓe. Kuɗin da kake kashewa iri biyu ne. Akwai waɗanda ke bin kaya, kamar ɗanyen kaya, mazubi da kamashon dillali. In ba ka yi kaya ba, ba ka kashe su ba. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da ciniki: haya, albashin ma'aikata na dindindin, inshora. Ko guda ɗaya ba ka sayar ba, wata na ƙarewa sai ka biya.

Bari mu ɗauki misali. A ce kana sayar da kowane guda a kan 50, kuɗin da ke bin sa kuma 30 ne. Saura 20. To, wannan 20 ɗin ba riba ba ce tukuna, ita ce za ta fara biyan haya da albashi. In waɗannan sun kama 10,000 a wata, sai ka sayar da guda 500 kafin ka tsaya ba riba ba faɗuwa. Daga na 501 ne ribarka ta soma.

Yanzu dubi abin da rangwamenka ya yi. Farashi ya sauko 45, amma 30 ɗin nan tana nan daram. Saura 15. Ka rage kashi 10 a farashi, amma kashi 25 ne ya tafi daga abin da ke shigo maka. Yanzu sai ka sayar da guda 667 kafin ka fita kunyar haya da albashi. Idan da kana sayar da 800, ribarka 6,000 ce. Yau ko ka sayar da 1,000, abin da za ka samu 5,000 ne, ga ƙarin wahala.

Ban ce rangwame haramun ba ne. Yana da amfani in kaya sun kwanta ko suna gab da lalacewa. Amma kafin ka yi shi, raba tsohon saura da sabon saura: 20 a raba da 15, wato cinikinka na bukatar ƙaruwa da kashi ɗaya bisa uku kafin ka koma inda kake.

Sannan ka duba ko ka sa tsufan inji cikin lissafi. Injin 60,000 da zai yi shekara 5 yana cin 1,000 duk wata, ko da ba ka ga kuɗin suna fita daga aljihunka ba. Haka ma ladan aikinka kai kanka: yanka wa kanka albashi, ka haɗa shi da na ma'aikata, sannan ka sake lissafin guda nawa ya kamata ka sayar.