Ga 'yar uwar da maigidanta ke yin gum ya fice

'Yar uwa, tambayarki ta sosa mini rai, don da yawanmu a nan mun san ciwon. Kin ce da kin ɗauko magana sai maigida ya yi gum, ya zari makullin mota ya fice, in ya dawo kuma sai gaba ta kwana da kwanaki. Gabar nan ita ce azabar. Ki jera abinci ya tsallake ya haɗa shayi da kansa, kuɗin cefane ya ba yaro ya miƙo miki, yara su kalli fuskarki su kalli tasa. Wallahi ba daidai ba ne. Annabi (SAW) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, balle matar da ke ɗakinka.

Amma ficewar farko daban take da gabar. John Gottman, masanin zaman aure a Amurka, ya gano kusan kashi 85 cikin ɗari na masu yin gum a rigimar aure maza ne. Idan bugun zuciya ya haura 100 a minti, magana ba ta shiga, sai jiki ya samu aƙalla minti 20 ya huce. Ke so kike a warware yanzu hankalinki ya kwanta, shi kuwa gani yake an titsiye shi. Kina bi yana ƙara nisa.

Don haka kada ki bi shi bakin ƙofa. Ranar da kuke shiri ku ƙulla cewa duk wanda zai fita ya faɗi lokacin da za a ƙarasa maganar, misali bayan isha'i. Kada kuma ki tare shi yana shigowa daga cunkoson hanyar Nyanya a nan Abuja ko ruwa bai sha ba. Matsala ɗaya a zama ɗaya, ki cire "kullum" da "ba ka taɓa", don a nan musu ke komawa kan lissafin tsofaffin laifuka. Habaici a WhatsApp ma, don Allah mata mu bari, danginsa ne ke fara gani.

Matsalarmu a Abuja iyaye na nesa. Duk da haka aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a samo mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki, kuma ko ta waya ana yi. Ki zaɓi mai riƙe sirri wanda yake jin nauyinsa.

Idan kuma akwai duka a ciki, wannan ya wuce bambancin halin maza da mata. Dokar VAPP ta 2015, wadda ta haramta cin zarafin mutane, tana aiki a Abuja, ki sanar da iyayenki, ki kai ƙara NAPTIP, hukumar gwamnati da ke kula da aiwatar da dokar.