Kiɗan Gargajiyar Indiya: Ba A Koyon Raga A Kan Fiyano

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makaɗin fiyano ne a wani situdiyo a Kano, kuma na daɗe ina sha'awar kiɗan gargajiyar Indiya na asali, ba na fim ba. Na biya kuɗin wani kwas a intanet wanda ya yi alkawarin koyar da raga (wato tsarin karin waƙa da ake gina kiɗan Indiya a kansa) hamsin cikin wata uku, har da takardar shaida. Da na kaɗa wa wani Ba'indiye abin da na koya, sai ya ce wannan ba raga ba ce. Hankalina ya tashi ƙwarai. Shin ɓangaren da na zaɓa ne bai dace ba, tsakanin na arewacin Indiya da na kudancinta, ko kuwa kuɗina ne suka tafi a banza?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kuɗinka sun tafi, amma laifin ba na arewa ba ne, ba kuma na kudu ba.

Zaɓi tsakanin ɓangarorin biyu abu ne mai sauƙi. Kiɗan arewa, wato Hindustani, ya girma a fadojin sarakuna irin su Akbar, wanda Tansen ya yi wa waƙa a ƙarni na 16, kuma ƙarfinsa yana cikin ƙirƙira nan take: mawaƙi kan ɗauki baiti biyu ko huɗu kacal, ya shafe kusan sa'a guda yana buɗe raga ɗaya a hankali. Kiɗan kudu, wato Karnatik, ya fi jingina ga tsararrun waƙoƙi, musamman na Tyagaraja da Muthuswami Dikshitar da Syama Sastri, waɗanda duka aka haifa a garin Tiruvarur a ƙarni na 18. Mafi yawan baitocin kudu yabon gumakan Hindu ne, kuma a arewa ma ana samun irinsu, don haka ka san ma'anar abin da za ka rera tun kafin ka buɗe baki. Amma zancen da ake yaɗawa cewa arewa ta Musulmi ce kudu ta Hindu ba shi da tushe, domin shahararren makaɗi Ravi Shankar, wanda Hindu ne, almajirin Allauddin Khan ne a kiɗan arewa, kuma Sheik Chinna Moulana, ɗaya daga cikin manyan mabusan nadaswaram (abin busa mai kama da algaita) na kudu, Musulmi ne.

Abin da aka sayar maka, wanda kusan kullum nake fama da shi, shi ne ƙaryar cewa raga jerin sautuka ce kawai, ka haddace su, ka danna maɓallansu hawa da sauka, shi ke nan ka iya. Wannan ƙarya tana da haɗari saboda tana kama da gaskiya. Tsarin thaat 10 da masanin kiɗa Bhatkhande ya shimfiɗa a arewa a farkon ƙarni na 20, da tsarin melakarta 72 na kudu, duka jeri ne na sautuka, kuma masu kwas ɗin gaggawa daga nan suke kwafo darussansu. Sai dai malaman da suka yi waɗannan tsare-tsare sun yi su ne domin rarraba ragogi gida-gida, ba su taɓa cewa jerin shi ne ragar ba.

Dubi ragogin arewa guda biyu, Bhupali da Deshkar. Sautukansu biyar ne iri ɗaya, wato Sa, Re, Ga, Pa, Dha, kamar yadda Indiyawa ke kiran do, re, mi, so, la. A kan fiyano babu abin da zai raba su. Amma Bhupali tana zama ne a kan Ga, tana yawo a ƙasa-ƙasa cikin natsuwa, ana yin ta da farkon dare, ita kuwa Deshkar tana dogara ga Dha, tana son sama, tana taɓa Re ne kawai ta wuce, kuma da safe ake yin ta. Waɗannan sautuka biyar ɗin dai a kudu su ne Mohanam, wadda kwalliyarta daban ce. To wanda ya ba ka maɓallai biyar, wace daga cikin ukun ya koya maka? Ko suna ma ba abin dogaro ba ne, domin Todi ta arewa da Todi ta kudu ba su haɗa jerin sautuka ba.

Matsalar ta fi haka zurfi. Fiyano yana da maɓallai 12 a kowane zango, kowanne a kafe yake, alhali ran raga yana cikin abin da ke faruwa tsakanin sauti da sauti. A arewa akwai meend, wato jan murya daga wani sauti zuwa wani ba tare da yankewa ba, akwai kuma andolan, lilon da ake yi wa sauti a hankali. Ragar da ake kira Darbari Kanada ba ta tabbata sai an yi wa Ga ɗinta wannan lilo mai nauyi, kuma idan ka danna maɓalli ya fito a tsaye cak, ka riga ka fita daga ragar. A kudu abin ya fi tsanani, domin gamaka, wato girgiza sauti da lanƙwasa shi, ba ado ba ne da ake ƙarawa daga baya. A ragogi da yawa da shi ake gina sautin kansa. Ka tuna yadda makaɗin kalangu yake matse tsarkiya a hammata domin amo ya hau ya sauka cikin bugu ɗaya. Ka cire matsin nan ka ga ko kalangu zai ƙara yin magana. Indiyawa da kansu sun daɗe suna muhawara kan kayan kiɗa masu kafaffun maɓallai, har gidan rediyon ƙasar ya haramta harmoniyam, wani ƙaramin abin kiɗa mai maɓallai da ake hura wa iska da hannu, a shirye-shiryensa daga 1940 zuwa 1971. Gaskiya ne cewa mawaƙan khayal (wani salon waƙar arewa) da yawa suna zama da mai harmoniyam a gefensu har yau, amma shi rakiya yake yi, muryar ce ke gaba. Goge irin na Turawa kuwa kudu ta karɓe shi hannu bibbiyu tun kusan shekara 200 da suka wuce, saboda yatsa na iya zamewa a kan tsarkiyarsa.

Haɗarin shi ne kunne yana sabo. Wanda ya shafe watanni yana jin Ga a kafe zai riƙa jin Ga ta gaskiya kamar kuskure, kuma gyara irin wannan ɗalibi ya fi wuya fiye da koyar da wanda bai san komai ba. Wannan ne ya sa ba ni da haƙuri da masu sayar da raga hamsin a wata uku. Ravi Shankar, wanda ya riga ya zagaya Turai yana rawa da kiɗa, ya koma garin Maihar a 1938, ya zauna gaban malaminsa Allauddin Khan har 1944. A kudu, darussan farko da mawaƙi Purandara Dasa ya tsara a ƙarni na 16 cikin raga ɗaya ake fara su, Mayamalavagowla, kuma yaro kan daɗe a kansu kafin a ba shi waƙa. Takardar shaidar da aka turo maka babu wani zauren kiɗa a Chennai ko Kolkata da zai tambaye ka ita. Can sunan malaminka ake tambaya, sannan a ce ka rera.

Ka ajiye fiyano a wannan fanni, ka kunna amon tanpura, abin kiɗa mai tsarkiya da ke riƙe wa mawaƙi sautin tushe, ko na manhajar waya ne, ka riƙa daidaita muryarka da Sa kowace safiya. Ka zaɓi raga ɗaya, kamar Yaman idan arewa ce ta ja ka, ko takwararta Kalyani idan kudu ce, ka yi ta sauraron Bhimsen Joshi na arewa ko M. S. Subbulakshmi ta kudu. Koyo ta intanet ba laifi ba ne matuƙar malamin yana jin ka kai tsaye yana gyara maka. Kafin ka biya ko sisi, ka tambaye shi wa ya koyar da shi kuma shekara nawa, sannan ka roƙe shi ya rera maka Bhupali da Deshkar a jere. Idan ya miƙa hannu ga fiyano domin ya nuna maka bambancinsu, ka yi masa sallama.