Kunne ɗaya a miƙe, ɗaya a kwance: amsa ga mai kwikwiyo ɗan wata 4

Ɗan'uwa, na ga tambayarka a kan kwikwiyonka Alseshan (irin manyan karnukan nan na Jamus masu miƙaƙƙun kunnuwa) ɗan wata 4, da ka ce kunnen dama ya miƙe, na hagu ya kwanta, har kana ganin kamar ya fi ɗayan girma. Kwantar da hankalinka. Na daɗe ina kiwon irinsu, kusan kowace haihuwa sai na ga haka.

Fara buɗe bakinsa ka duba. Yanzu ne yake famfara, haƙoran nono 28 suna zubewa, na girma 42 suna fitowa, kuma ba ya gamawa sai wajen wata 6 zuwa 7. A wannan tsakanin guringuntsin kunne bai yi ƙwari ba, ga kai yana ta faɗaɗa. Yau kunne ya tashi, jibi ya faɗi, wani ma biyun su jingina da juna a tsakiyar ka kamar an kifa masa hula. In wannan na hagun ya taɓa miƙewa kafin famfara, galibi zai dawo da kansa.

Batun girma kuwa, sau da yawa ido ne ke ruɗin mutum. Ina da wata karya da na rantse kunnenta ɗaya ya fi tsawo. Na ari tef ɗin tela na auna daga gindi zuwa tsini, sai ga su daidai wa daida. Wanda ya kwanta yana baje faɗinsa ne. Tana cika wata 6 ya miƙe cak.

Amma akwai girman da ba na yarda a yi wasa da shi. Sa yatsu biyu ka taɓa fatar kunnen a hankali. In ka ji kauri, da ɗumi, da laushi kamar an ɗura ruwa a leda, to jini ne ya taru a ciki, kuma yawan kaɗa kai da susa ke jawo shi. Na taɓa sakaci da wannan wata damina, ƙudaje suka cinye wa wani karena bakin kunne, yana ta girgiza kai, ni kuma ina cewa zai wuce. Kafin in kai shi wurin likitan dabbobi kunnen ya kumbura suntum, da ya warke kuma ya yamutse, bai ƙara tashi ba. Har yau abin yana damuna. Saboda haka ka leƙa ciki: kaska, baƙin datti, wari ko mugunya, duk wanda ka gani, sai asibiti.

In kunnen lafiya lau yake, to a ƙyale shi. Hana yara ja da murza shi, kada kuma manyan karnuka su riƙa cafkarsa a wasa. Ba wa kwikwiyon abinci mai kyau, da maganin tsutsar ciki a kan lokaci, da abin gwagwiya mai tauri wanda ba ya tsagewa, ban da ƙashin kaza dafaffe. Za a ce maka ka ɗura masa kalsiyam, wato sinadarin ƙarfafa ƙashi. Don Allah kada ka yi, kunne ba ƙashi ba ne, kuma yawansa na lalata gaɓoɓin babban kare mai tasowa. Yanke kunne irin na karnukan farauta ma ba nasa ba ne.

In ya kai wata 6 bai motsa ba, likita na iya ɗaure shi da filasta, shi ya san yadda zai yi ba tare da ya toshe iska ba. Bayan wata 8 da wuya ya canja.

Ka ga uwarsa da ubansa kafin ka saya? In akwai jinin karen gida ko wani mai faɗaɗɗen kunne a jikinsa, yana iya zama haka har girmansa, kuma ba zai rage masa ji ko gadi ba. Turo mana hotonsa ta gaba, da na cikin kunnen hagun, mu gani.