Amsa: Hafsan atilare yakan kai kololuwar soja?

Ka tambaya ko hafsan da ya fito daga ɓangaren atilare, wato na manyan bindigogi irin su igwa, zai iya kaiwa kololuwa, ko sai sojan ƙafa kawai. Ƙwarai kuwa, yana kaiwa. Dubi marigayi Janar Domkat Bali, ɗan ƙabilar Tarok daga Langtang a jihar Filato. Makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst a Ingila ya yi, ya tashi a cikin manyan bindigogi har ya shugabanci rundunar atilare ta Najeriya, daga 1984 zuwa 1990 kuma ya riƙe ministan tsaro. Napoleon na Faransa ma ai ɗan igwa ne, yana da shekara 24 ya zama birgediya janar bayan yaƙin Tulon a 1793.

Sharaɗin dai lissafi ne, ɗan'uwa. Wana ya yi kwas a makarantar atilare ta Kachia, in ya zo hutu sai ka same shi kan tabarma da taswira da fensir har tsakar dare, yana auna nisa da kusurwa. Mai harba igwa sau da yawa ba ya ganin abin da yake harbi, wani ne can gaba ke karanto masa lambobi ta oba-oba. Ya kuskure lamba ɗaya, to kan mutanensa harsashin zai sauka.