Wane Kati Ne Zai Ja GTA VI?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon gem a Jekadafari, cikin garin Gombe. Na tara kuɗi zan sauya katin girafik na kwamfutata saboda GTA VI. Wani dillali ya kawo min RTX 3060 na hannu, wani kuma ya ce in ƙara kuɗi in ɗauki RTX 4060 sabo. Wanne ne zai ja wasan idan ya fito?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Duk wanda ya rantse maka cewa katinsa zai ja GTA VI, cinikin biri a sama yake so ku yi. Kamfanin Rockstar, mai yin GTA, ya sanar da wasan ne don na'urorin gem na PlayStation 5 da Xbox Series, kuma halinsa ba ɓoyayye ba ne. GTA V ya fito a 2013, amma masu kwamfuta ba su same shi ba sai Afrilun 2015. Red Dead Redemption 2 ma sai da ya shekara guda, daga 2018 zuwa 2019. Kafin naka ya iso, farashin katunan nan biyu ya riga ya sauya.

Ga yadda ake kintata. Manyan wasannin yanzu a kan ma'aunin PlayStation 5 ake ɗinka su, ita kuwa tana da ma'adana mai gigabait 16 da kati da furosesa ke rabawa. Shi ya sa ma'adanar kati, wato VRAM, ta zama abin dubawa na farko. A nan tsohon ya fi sabon: 3060 na 2021 yana da gigabait 12, shi kuwa 4060 na 2023 yana da 8 kacal. Idan ma'adana ta cika, galibi wasan ba ya mutuwa, sai dai ya riƙa sarƙewa, bango da tufafi su dusashe kamar zanen da ya sha wanki. Amma 4060 ya fi sauri, kuma wutar da yake ci wat 115 ce, ɗan'uwansa 170. Ga mai shagon da ke wuni kan sola ko janareta, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, balle a zafin Afrilu na Gombe.

Da ni ne, in katin da ke hannunka yana jan abin da yara ke biya su buga, sai in riƙe kuɗina. In kuma dole ce, allonka kuma 1080p ne, wato Full HD, ɗauki 4060 ka rage ingancin zane kaɗan. Idan 3060 ɗin ya fi maka sauƙi sosai, kada ka biya sai an kunna maka wasa mai nauyi na rabin sa'a a gabanka, kana sauraron fankarsa. Katunan 2021 da yawa sun sha wahalar haƙar kirifto dare da rana.

Tambaya: Yaya, ni ɗalibi ne a Yelwa, Bauchi. GTX 1060 nake da shi, zai ƙara kai ni shekara biyu?

Amsa: A ƙwallo da tsofaffin wasanni, ƙwarai kuwa. Amma katin nan na 2016 ba shi da sashen lissafin haske da ke cikin katunan RTX, kuma wasu sababbin wasanni sun mayar da shi sharaɗi. Doom: The Dark Ages na 2025 ko buɗewa ba zai yi ba, mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne RTX 2060 Super ko RX 6600. Fara tarin kuɗin RX 6600 tun yanzu.