Tambayi Likita: An Ƙara Mini Maganin Suga Na Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na daɗe ina shan metformin, sai a zuwana asibiti na ƙarshe aka ƙara mini glimepiride. Ciwon ne ya fi ƙarfina? Ko in ajiye na farkon tunda an ba ni sabo? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ajiye metformin. Ciwon suga nau'i na biyu haka yake, shekaru na tafiya gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, tana raguwa da ƙarfi, ko da mutum yana kiyaye abinci. Idan gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata uku, ya ƙi sauka ƙasa da kashi 7 cikin 100 alhali ana shan metformin har 2,000mg a rana, sai a haɗa da wani. Aikinsu daban ne: metformin yana rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini, shi kuwa glimepiride yana tsikarar jiki ya ƙara fitar da insulin.

Inda muke so ki buɗe ido shi ne faɗuwar suga. Metformin shi kaɗai da wuya ya jawo ta, amma glimepiride yana jawowa. Akan fara da 1mg ko 2mg, tare da karin kumallo. Kika sha ba ki karya ba, za ki iya jin rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya da yunwa mai tsanani. In na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ki dama ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa ki sha, ki sake gwadawa bayan minti 15, sannan ki ci abinci. Ki sanar da mutanen gida cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Kafin azumin Ramadan kuma ki ga likitanki don a sauya lokacin sha.

Tambaya: Mahaifina yana shan Daonil, sai mai kemis ya ƙara masa Glucovance. Ya halatta? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, kada Baba ya ci gaba da haɗa su, ku kai kwalayen asibiti yau. Daonil glibenclamide ne, Glucovance kuma ƙwaya ce da ta haɗa metformin da glibenclamide, ke nan magani ɗaya yake sha ninki biyu. Glibenclamide yana daɗewa a jikin tsofaffi, musamman in ƙoda ta yi rauni, suga na iya faɗuwa cikin dare. A gwada ƙodarsa. Likita zai iya mayar da shi kan gliclazide ko sitagliptin, in kuwa akwai ciwon zuciya ko na ƙoda, empagliflozin ko dapagliflozin sun fi dacewa, sai dai suna sa yawan fitsari, don haka a riƙa ba shi ruwa sosai lokacin bazara.