Kafin Ka Ɓoye Kwano, Nuna Min Inda Ruwa Zai Bi

Ka tambaye ni dalilin da ya sa duk mai gidan da ya zo da maganar rufin ɓoye, wannan da ake ɗaga bango ya sakaye kwano har ba a hango shi daga titi, sai in haɗe rai in tsawwala kuɗi, alhali shi ake yayi a nan Zariya, daga Gyallesu har Samaru. Ka kuma ƙara da cewa wai abokanka suna faɗin na tsufa, ban iya ginin zamani ba. Ajiye wayar nan tukuna, yaro, ka zauna.

Wa ya gaya muku sabon abu ne? Shiga cikin Birni ka ɗaga kai ka dubi tsofaffin soraye. Rawanin da ke kewaye da rufin, da zankwayen da ke kusurwa, me suke yi in ba ɓoye rufi ba? Sai dai kowane soro yana da indararo mai tsawo da ke cilla ruwa nesa da gindin bango, bangon gabas kuma shi ake fi ba makuba, don hadarinmu daga gabas yake tasowa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara ya ɗaura bakan gizon nan, ya tsaya fiye da shekara ɗari yana shan damina kafin a lulluɓe shi da ginin siminti a shekarun 1970. Mutanen nan ruwa suka fara yi wa hanya, sannan suka yi ado.

Ni kuwa rufin ɓoye ya ci min babur, ya ci min suna.

Wani Alhaji ne, ɗan kasuwa, yana da fili ta wajen hanyar Wusasa. Ya zo da hoton wani gida na Dubai a waya, fari fat, gilashi tun daga ƙasa har sama, ba a ganin ko ƙusa ɗaya ta kwano. Na ce Alhaji, ruwan da suke samu a shekara bai kai na watan Agustanmu ba, mu nan muna shan wajen milimita 1,000. Ya ce ai yana da zane. Zanen kuma mai kyau ne, wani matashin akitek ya yi shi, yaron ya san aikinsa: kwatar kankare mai faɗi a bayan bangon, bututu shida masu inci huɗu, ga shimfiɗar kwalta a cikin kwatar. Da na gani raina ya kwanta. Muna kaiwa lintal Alhaji ya sallami yaron, wai kuɗin duba aiki asara ne. Ya ce daga yau shi zai riƙa sayen kaya da kansa.

Daga nan aka fara yanka. Bututu shida suna ɓata fuskar gida, a mai da su biyu, masu inci uku, a binne su cikin bango. Kwatar ta cinye masa faɗin falon sama, a matse ta. Kwalta kuwa wai dabarar cin kuɗi ce, a dama siminti a shafe kawai. Kwanon da ya kawo, in ka danna da yatsa lotsawa yake. Na tsayar da aiki, na kira shi gaban ƙaninsa da kafinta, na ce Alhaji wannan rufin zai yi yoyo, ni ba na so a ce hannuna ne. Ya ce, "Malam, kuɗinka ne ko nawa? Yi abin da na ce, in ya zuba ni ya zubar wa." A wancan lokacin maganar dattijo mai furfura a gaban shaidu ita ce takarda. Muka ƙarasa, saura kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikina, ya ce bayan Sallah.

Hadarin farko mai ƙarfi, kwatar ta cika kafin bututun su haɗiye rabi. Ruwa ya rasa mafita ya koma ta ƙarƙashin kwano. Silin ɗin falo ya rufto a kan sababbin kujeru, bangon ɗakin uwargida ya jiƙe har fenti na kumbura. Da asuba ya aiko a kira ni. Ina isa, a gaban leburorina, ya ce na cuce shi, na sace masa siminti, ba zai ba ni ko sisi ba. Muka je gaban mai unguwa. Ƙanin ya ce shi dai bai tuna an yi wannan magana ba. Kafinta ya sunkuyar da kai, ashe an riga an yi masa alkawarin rufin wasu shaguna. Leburori kuwa ba Alhaji suka sani ba, ni suka sani, ga iyali suna jira. Babur ɗina na kai kasuwa na sallame su.

Kuɗin ma da sauƙi. Ya bi masallaci da wuraren ɗaurin aure yana cewa kada a ba ni gini. Akwai azuzuwan wata Islamiyya da an gama magana, har na auna fili, sai aka daina ɗaukar wayata. Abin da ya fi ci min rai, wanda har gobe in na tuna sai barci ya ƙaurace min: ya ɗauko wani magini daga Kaduna, ya fasa bangon, ya ƙara bututu, ya shimfiɗa kwalta, abin da na faɗa tun farko ba ragi ba ƙari, ya biya shi ninkin abin da ya hana ni. Har yau yana wuce ni a mota yana ɗaga min hannu. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To in za ka yi, ga yadda ni nake yi. Ba zan tsaya koya maka awo da haɗin kankare ba, wanda bai san ɗaya, biyu, huɗu na siminti, yashi da tsakuwa ba ya koma ɗaukar bulo. Kwatar ita ce rufin gaba ɗaya. A zuba ta da rodi tare da bim, ba a jera bulo a shafe da filasta ba. Faɗinta ya isa mutum ya taka ciki da tsintsiya. Tun ran zubi za ka ba ta gangara zuwa bakin bututu, tun ran gini tun ran zane. Bututu kada ya gaza inci huɗu, kuma ni a waje nake sa su inda ido ke gani, mai gida ya ji haushi in ya ga dama. Sama da bakin kowane bututu ka bar rami a bangon, ƙasa da leɓen kwano, don ranar da leda ta toshe bututu ruwa ya zubo waje. Kan bangon a sa masa hula, mahaɗar kwano da bango a shigar da falankin ƙarfe cikin filasta. Kafin kafinta ya buga ƙusa, toshe bututun, cika kwatar da ruwa, bar shi ya kwana biyu, ka shiga ƙasa ka duba. Sannan ka gaya wa mai gida ƙurar hunturu da ganye za su taru a ciki, sai an share kafin ruwan Afrilu. Duk abin da ya ce a rage, ya rubuta ya sa hannu. In ya ƙi, kwashe cokalinka ka tafi.

Ku yaran yanzu hoto kuke ginawa. Kun ga gilashi ya yi kyau a waya, sai ku kafa shi yana kallon yamma, a Zariya, a watan Maris. Ɗakin ya zama tanda, wuta ba ta tsayawa, mai gida ya ƙare a sayen man janareto. In zamani kuke nema, ga Francis Kéré, mutumin Burkina Faso, ƙasar da ta fi mu zafi. A 2001 ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin a kan ƙarafa don iska ta ratsa ta kwashe zafi, ya fito da leɓensa ya yi wa bango inuwa. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, shi ne ɗan Afirka na farko. Shi kwanonsa a fili yake, kowa na gani. Ɗaliban sashen zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello sun san shi sarai, ku da ke riƙe da cokali ne ba ku tambaya.

Kuma ruwan da ka sauko da shi, ina za shi? Yanzu kowa ginawa yake har bakin iyaka, ya sare darbejiya, ya shafe tsakar gida da siminti, ba inda ƙasa za ta sha ko ɗigo. Duk ya kwararo lungu. Kakanninmu sun bar tsakar gida a buɗe, zaure na tare baƙo da rana, ganuwa kanta ta kewaye gonaki da kududdufai inda ruwan gari ke taruwa. An cike kududdufan an yanka filaye, an ɗora shago a kan lambatu, sannan in Tudun Wada ta cika da ruwa a ce ƙaddara. KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, ce ke ba da izinin gini, amma hannun da ke ɗora bulo a kan magudanar ruwa na magini ne, kuma ni yarona ba zai yi ba ko nawa za a biya.

Gobe ka riga ni zuwa wurin aikin Hanwa. Ka ce wa mai tankar ruwa ya zo da wuri, za mu cika kwatar, kuma kai za ka shiga ƙasa da tocila.